Ɗan Farina Ya Kira Maƙwabciya, Ni Bai Kira Ni Ba

Assalamu alaikum Anti Ramatu,

Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da rubutun ya ba ki wahala. Ban daɗe da iya riƙe biro ba. Da girmana na koya, a ajin matan aure da ake yi mana a Islamiyyar unguwarmu bayan la'asar, kuma har yanzu in ina rubutu sai na riƙa motsa baki kamar mai lazimi. Filinki ne abu na farko da na taɓa karantawa da kaina, a jikin wata tsohuwar jarida da aka ƙunso min barkono. Shi ya sa da abin ya ishe ni na ce ke zan faɗa wa.

A Fatakwal nake aure, bayan kasuwar Mile 3. Maigidana albasa yake sayarwa, yana fita da sassafe, ba ya dawowa sai magariba. Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kano. Mun daɗe Allah bai ba mu haihuwa ba, har na saba da shirun ɗakina, sai ga shi ya ba mu namiji. Yanzu yaron ya wuce shekara biyu ya kama hanyar uku, kuma Anti, ba ya magana.

Lafiyarsa ƙalau. Yana ci, yana gudu, yana bin 'yan tsakin maƙwabta har ƙarƙashin benci. In yana son ruwa sai ya kama bakin zanina ya ja ni gaban jarka ya nuna da yatsa. Na san nunin yunwa, na san nunin barci, na san wanda yake yi in janareton gidan sama ya ba shi tsoro. Amma kalma babu.

Kin san al'adarmu. Ɗan fari ne, ga shi sunan surukina aka sa masa, kunya biyu ke nan ta haɗu a kan yaro ɗaya. Ban taɓa kiran sunansa ba. Mutane suna ce masa Abba, ni ko wannan bakina ya ƙi, sai dai in ce "kai" ko "yaron nan". Haka na tashi na gani a gidanmu. Innata ba ta taɓa kiran yayanmu ba. In ya faɗi sai ta kau da kai, kakarmu ta zo ta ɗaga shi tana yi masa waƙa tana zolayarsa. Kuma ba wanda ya taɓa cewa Inna ba ta son shi, don ranar da ya fara tafiya ci-rani ko ruwa ba ta iya haɗiya ba.

To haka nake yi. Ina masa wanka, ina goya shi, ina ba shi abinci, duk a shiru. Amma a zuciyata, Anti, hira muke wuni muna yi. Ruwan garin nan ba ya gajiya. In ya sauko a kan kwano, layi ya cika, masu okada suka fake, sai in tsaya a baranda da shi a bayana ina ba shi labarin ƙauyenmu a raina. In nuna masa dawa ta yi kai tana rangaji, in kai shi bakin rafi inda muke wanke ƙore, in ce masa ga tsamiyar da balbelu suke sauka har ta koma fara kamar an yi mata rawani. Ina jin numfashinsa a wuyana. Na ɗauka tunda ƙirjinsa yana manne da bayana, maganar tana ratsawa ta shiga.

Akwai wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na iya haɗa baƙaƙe, in na gama masa wanka ina shafa masa mai, sai in rubuta sunansa da yatsa a bayansa. Sunan na yanka, cikakke. Yana jin cakulkuli ya yi ta dariya, ni kuma in yi maza in shafe da tafin hannu. Baki ne aka hana, ban ji an hana yatsa ba.

Abin da ya tayar min da hankali a asibitin da muke kai awo ya fara. Wasu mata suka zo daga jami'a, suka ce bincike suke yi a kan yadda yara ke tasowa, da yadda za a tari matsala tun ba ta yi ƙarfi ba. Duk Laraba suke zuwa, kuma sai wadda ta yarda take shiga. Na yarda. Babbarsu likita ce 'yar nan ƙasar, ba ta jin Hausa. Mai yi mana fassara sunanta Raihana, 'yar Hausawan Anacha ce, yarinya mai kirki. Suka shimfiɗa tabarma a tsakiyar zauren jira, suka ajiye kofi da cokali da ƙwallo, suna kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta yi wasa da ɗanta su gani.

Da aka zo kaina na zauna, aka zaunar da shi a gabana, ga mata sun zuba ido. Ya ɗauki cokali ya miƙo min. Anti, wallahi hannuna ya so ya karɓa, amma wuyana ya riga shi, na kau da kai na kalli bango. Ya sake miƙowa. Na ja mayafi na rufe baki. Sai Lami, matar mai nama da muke layi ɗaya, ta kwashe da dariya ta ce, "Ku ƙyale ta, ɗan fari ne, yau ko yanka ta za ku yi ba za ta kalle shi ba." Mata suka yi ta dariya. Raihana ta so ta yi wa likitar bayani, amma na ga ita kanta ba ta san ta inda za ta kamo ba. Likitar ta daɗe tana rubutu. Daga baya ta sa aka tambaye ni ko ina samun barci, ko ina yawan kuka, ko ina jin daɗi in na ga yaron. A tambaye ni ko ina jin daɗin ganin ɗan da na yi shekaru ina roƙon Allah!

Suka ce in kai shi a gwada kunnensa, in riƙa zuwa duk mako, in riƙa kallon idonsa ina yi masa magana ina faɗa masa sunan abubuwa. Na ce to. Larabobi sun wuce ban koma ba. Ina tsoron abin da ta rubuta. Ina ganin kamar yana nan a wani ofis, an ce ga wata Bahaushiya ba ta son ɗanta.

Ana cikin haka sai ga tashin hankali na biyu. Ƙofarmu tana kallon ta Mama Uju, mai gasa ayaba da kifi a bakin layi. Matar nan bakinta ba ya hutawa. Tana yi wa kifi faɗa, tana yi wa gawayi magiya, tana amsa wa rediyo. In yaron ya leƙa sai ta kama shi da surutu, da yarensu da Turancin buroka. Wata rana da hantsi ya tsaya a baranda, ya miƙa mata hannu ya ce "biya". A yarensu zo ke nan. Ta yar da maficin hannunta ta yi ihu ta yi rawa, ta ɗauko shi ta kawo min albishir. Na yi murmushi na ce Allah ya yi albarka. Ta dube ni ta ce, "Madam Hausa, a garinku haraji ake biya in uwa ta yi wa ɗanta magana?" Da wasa ta faɗa. Na shiga ɗaki na zauna a bayan ƙofa. Kalmarsa ta farko a duniya, ba da harshena ba, kuma ba ni ya kira ba.

Washegari na gwada. Na rufe ƙofa, na ɗauki kofi na ce masa, "Kofi." Muryata ta fito kamar ta baƙuwa. Ya waiga yana neman wanda ya yi magana, sai ya dawo ya kalli bakina, ya matso ya ɗora yatsansa a leɓena. Muna haka Lami ta yi sallama, na zabura na ture shi kamar an kama ni da sata. Ban sake ba.

Yanzu ga inda na fi neman shawararki. Surukata, Hajiya, tana Coal Camp a Enugu, can danginsu suka zauna tun zamanin haƙar kwal. Mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Bisa al'ada tun lokacin yaye ya kamata ta ɗauke shi, amma ta bar min saboda daɗewar da na yi ban samu ba. Da labarin "biya" ya kai mata sai ta ce yaruka ne suka yi wa yaro yawa suka ɗaure masa harshe. Ta ce a kai mata shi bayan Babbar Sallah, gidanta cike yake da jikoki, ga malamin da zai yi masa rubutu, bakinsa zai buɗe. Ba ta ce ga ranar dawowa ba, kuma kin san riƙon kaka. Maigidana ya ce uwa ta yi magana, shi me zai ce? Amma ya ce in ina da hujja in faɗa masa. Ta yaya zan buɗe baki in ce ina son ɗan farina a kusa da ni? Wannan ai ita ce rashin kunyar da ake ba da labari.

Tun daga nan, in na kishingiɗa da rana sai in yi mafarki iri ɗaya. Ina tsaye a bakin ruwan garin nan, wajen da kwalekwale ke ɗaukar fasinja. Sai in gan shi ya girma, da farar riga, yana tsaye a cikin jirgi yana magana mai tsawo mai daɗi. Mutanen gaɓa suna gyaɗa kai suna dariya, kowa yana fahimta, ni kaɗai ce ban san yaren ba. Jirgin yana ja a hankali. Ina so in kira shi ya waigo, sai in tuna ba ni da sunan da zan kira shi da shi.

Anti, ni na jawo masa? In bar shi ya tafi, ko can ne alherinsa? In koma wajen matan nan bayan kunyar da na sha? Sallah ta matso, raguna sun fara sauka a kasuwa.

Taki,
Uwar Yaron Nan, Mile 3, Fatakwal

*

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Rubutunki bai ba ni wahala ba, kuma kar ki sake ba wa kowa haƙuri a kansa.

Mu fara da abin da ba ya jira. A cikin makon nan ki kai yaron a gwada kunnensa. Na san ya kama kalma a bakin maƙwabciya, kuma wannan alama ce mai kyau ƙwarai, amma akwai yaran da suke ji rabi-rabi, musamman masu yawan mura da ciwon kunne, kuma uwa ba ta iya gane wannan da ido. Gwajin ba ya da zafi. In kunne lafiya, an rufe ƙofa ɗaya. In akwai matsala, gara yau da baɗi.

Ke kika jawo masa? Ba zan ɗora miki wannan kaya ba. Jinkirin magana yana da dalilai da yawa, wasu ma ba a gano su. 'Yan fari nawa aka raina cikin kunya suka tashi da baki kamar sanƙira? Haka kuma yawan yaruka ba ya ɗaure harshe. Masu binciken tasowar yara sun daɗe da duba wannan, kuma ke ma shaida ce, ga yaran Hausawan Anacha da na Enugu nan suna juya harshe uku kafin su shiga firamare. Abin da binciken ya fi nanatawa shi ne, magana tana ginuwa ne ta ba-ni-in-ba-ka. Yaro ya nuna, babba ya amsa. Yaro ya yi gwaranci, babba ya mayar masa. Kuma shekarun nan na farko su ne lokacin da gyara ya fi sauƙi, shi ya sa matan nan suke bin yara tun a wajen awo.

Yanzu kunya. Ba zan ce miki shirme ba ce, ni ma a cikinta na tashi. Tana koya wa uwa kawaici, tana mayar da yaro na dangi duka. Amma sake karanta abin da kika rubuto min. Innarki ta kau da kai, sai kakarku ta ɗaga yaro tana waƙa. Shirun Inna ya yiwu ne saboda akwai bakin kaka. Ke kin taho Fatakwal da shirun, kin baro kakar a gida. Ban da haka, kunya don idon mutane ake yin ta. In kin rufe ƙofa daga ke sai shi, wa kike jin kunya, jarka? A gaban surukai ki ci gaba da kawaicinki, ba wanda zai ga baikenki. A ɗaki kuwa, ke ce uwa, ke ce kaka, ke ce gwaggo. Ki tambayi malamar Islamiyyarku in kina shakka, addini bai hana uwa wasa da ɗanta ba.

Likitar nan ta yi kuskuren karanta ki, kuma da sun san mutanen da suke aiki da su, da ba su shimfiɗa wa uwar ɗan fari tabarma a tsakiyar taro ba. Amma ba mugunta ta yi ba. Tambayoyin nan ana yi wa iyaye mata ne saboda wasu suna faɗawa cikin baƙin ciki mai nauyi bayan haihuwa su rasa mai lura. Ba za ta san al'adarki ba sai an faɗa mata. Ki koma ranar Laraba da wuri, ki ja Raihana gefe ki yi mata bayani yadda kika yi min, ki nemi a riƙa yi muku naku a ɗaki a rufe. Kina da damar tambayar abin da aka rubuta a kanki, ki kuma nemi a gyara. Irin wannan shiri ba na hukunta uwa ba ne. Zuwanki ma zai amfani duk Bahaushiyar da za a kira kan tabarmar nan bayanki. Kuma in sun sake tambayar barci da kuka, ki faɗi gaskiya. Mace da ke wuni ita kaɗai nesa da danginta, tana zama a bayan ƙofa, ita ma tana bukatar a tambaye ta lafiya.

Hajiya tana da rabin gaskiya. Gida mai yara yana buɗe baki, kuma ƙauna ce ta sa ta nema. Sai dai yaron da bai da kalma, duk abin da yake da shi a duniya shi ne mutum ɗaya da ta san nunin yunwarsa da na tsoronsa. A raba shi da ita a wannan gaɓa, a kuma yanke bibiyar da aka fara, ban ga ribarsa ba. Shawarata kar ya tafi riƙo yanzu.

Ba ke za ki faɗa wa Hajiya ba, don haka kunyarki tana nan a inda take. Maigidanki ya nemi hujja, ga ta: likita ta fara aiki a kan yaron, ana so a kammala. Ya je Enugu da ƙafarsa, da goronsa, ya roƙi arziki a ƙara lokaci. Sannan ku je mata Sallah ku duka, ki zauna da yaron ya kwana biyu cikin 'yan'uwansa, ku dawo tare. Rubutun malam ta aiko, a sha, ba ya faɗa da gwajin kunne. A kuma ba ta aikinta na kaka: ta riƙa kiran waya tana tsokanar mijin nata, tana ce masa rago, ya ƙi kawo cefane. Tsohuwar da aka ba wa matsayi ba ta cika jin an hana ta ba. In ta ɗan yi fushi, ku jure, zai wuce.

Maigidan shi ma ba a ɗauke masa ba. In ya dawo da magariba ya ɗora yaron a cinya ya ba shi labarin kasuwa. Mama Uju kuwa ki gode mata, ki bar yaron ya ci gaba da leƙa ta. Ba ƙwace miki shi ta yi ba, ta nuna miki ƙofar a buɗe take.

Saura suna. Al'adar da ta hana ki sunan yanka ita ce ta ba ki damar laƙabi. Ki zaɓa masa ɗaya, naki ke kaɗai, wanda ba na surukinki ba kuma ba na layi ba. Ki fara da lokacin shafa mai, tunda can kuka saba ganawa. Yatsa yana rubutu, baki yana faɗin abin da ake yi: ga hannu, ga ciki, ga ƙafa. In ya miƙo cokali ki karɓa ki ce cokali, ki mayar masa, ki jira. In ruwa ya sauko, dawar nan da rafin nan da tsamiyar balbelu, ki fito da su ta baki. Bayanki yana kai masa ɗumi, amma labari sai ta kunne. Muryarki za ta yi miki baƙunta kwana kaɗan, sannan ta zama 'yar gida. Kar ki sa ran zai tashi da hira gobe. Wadda ta koyi baƙaƙe da girmanta ta san yadda abu ke shiga a hankali.

Ranar da kika ce "kofi", ya nemi mai maganar, ya same ta, ya ɗora yatsa a bakinta. Wannan kira ne, ƙanwata, kuma ke ya kira. Ki amsa masa.

Allah ya buɗe bakinsa da alheri, ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya sa in jirgin nan ya sake zuwa miki a mafarki ki kira, a waigo.

Anti Ramatu